Safarin da Baba Ya Yi wa Inna Alkawari

Ranar da aka kai Baba makwancinsa, babu motar da ta yi lodi a tashar Gwaram sai bayan la'asar. Ni ban gani da idona ba, ina cikin gida tare da mata, amma Yayanmu ya ce direbobi sun jera motocinsu tun daga bakin layinmu har bakin titi, suka bi gawa a ƙafa. Mutanen da suka saba da ihu da zage-zage a tasha, ranar ko tarinsu ba ka ji. Wani tsohon ɗan kamasho, wanda suka yi shekara da shekaru suna faɗa da Baba a kan layin lodi, ya zauna a dakalin ƙofar gida yana kuka har da majina, yana cewa, "Yanzu kuma da wa zan yi faɗa?"

A cikin gida kowa da irin nasa. Autarmu, wadda take aure a Kano, ta yi kuka har muryarta ta dushe. Baffa, ƙanin Baba, ya shigo yi wa mahaifiyarmu gaisuwa, ya tsuguna a bakin ƙofar ɗakinta. Can ya tashi ya fita da takalmin wani a ƙafarsa. Ita kuwa Inna ko ɗigon hawaye ba ta yi ba. Tana zaune da carbi, duk wadda ta yi mata gaisuwa sai ta ce, "Na gode, Allah ya ba da lada." Na ji wasu mata suna raɗa cewa baiwar Allah akwai dauriya. Ni da nake tare da ita cikin motar da ta dawo da Baba gida na san ba dauriya ba ce.

Ranar sadakar uku wata mata ta zo daga Basirka, babu wanda ya santa a cikinmu. Ta zo da wani dogon saurayi, ta bar shi a waje wajen maza. Bayan ta yi gaisuwa sai ta ce da Inna, "Wancan da na zo da shi, yana goye a bayana ya sanƙare, na iso tasha ina gudu, zan kai shi asibitin Birnin Kudu. Na tarar da mota guda tak, saura kujera ɗaya. Fasinjoji suna ta zagin direban, wai wani Alhaji ya ce zai biya kuɗin kujerar a tashi, shi kuwa ya ƙi. Da na shiga sai na ji ya ce da su, 'To ga mai kujerar nan ta zo.' Ban sake ganinsa ba, sai jiya na ji an ce mai Safari ya rasu."

Inna ta dube ta, ta ce, "Haka yake. Ba ya tashi da gurbi."

Wannan maganar ce ta sa na zauna rubutun nan. Duk mai zuwa gaisuwa cewa yake Baba mutumin kirki ne, kuma gaskiya ne. Amma in aka bar shi a haka, nan da ɗan lokaci abin da zai rage ke nan, mutumin kirki, kamar dai yadda ake faɗa wa kowane mamaci. Baba ba haka kawai yake ba. Mutum ne mai taurin kai wanda ya sha ƙona mini rai, kuma halin nan da ya ceci ɗan matar Basirka shi ne ya hana Inna abu ɗaya da ta taɓa sa rai a kansa. Ina so a san duka biyun.

Direba ne tun kafin a haife ni. Hanyarsa ɗaya, Gwaram zuwa Birnin Kudu, Birnin Kudu zuwa Gwaram, sai ranar kasuwa ya ɗan leƙa Basirka. Ya san hanyar nan da jikinsa. Yakan ce ko ido aka ɗaure masa, ramukan titi za su gaya masa inda yake. Ba ya shan taba, ba ya cin goro, amma kullum da ɗan ƙullin citta a aljihu yana tauna. Kuma duk fasinjan da zai sauka, ko da wanda suka gama cacar baki ne, sai Baba ya leƙo ta taga ya ce masa, "Sauka lafiya."

Ƙa'idarsa kuwa guda ce, daga ubangidan da ya koya masa tuƙi ya ɗauko ta: mota ba ta tashi sai ta cika. Sauran direbobi ma haka suke yi, amma su don abin da za su samu ne, in wani ya biya kujerar da babu kowa sai su ja. Baba ba ya yarda. A wajensa kowace kujera da mai ita, yana hanya, bai ƙaraso ba ne. In ka tashi da gurbi, ka bar mutum a tasha ko da ba ka gan shi ba. Rana ta dake ku, yara su yi ta kuka, tumatir ya narke a buhu, shi dai yana zaune yana tauna cittarsa.

Shekarar da aka yanke Jigawa daga Kano ya samu motar kansa. Ƙaramar bas ce 'yar kwatano, fara, ta sha jiki tun a ƙasar da ta fito. A gilashin baya akwai wani hoto manne, giwa da raƙumin dawa a gindin bishiya, a ƙarƙashinsu an rubuta kalma ɗaya da manyan baƙaƙe. Baba yana karanta Larabci da ajami, amma boko ko sunansa ba ya iya rubutawa. Lokacin ina kwalejin horon malamai, na zo hutu, ya ja ni har bayan motar ya nuna mini.

"Ke 'yar boko, karanta mini. Kar in yi ta yawo da zagi a bayana ban sani ba."

Na ce, "Safari aka rubuta, Baba."

"Me ke nan?"

Kafin in buɗe baki Baffa ya riga ni. Shi Baffa ma'aikaci ne a sakatariyar ƙaramar hukuma, kuma a lokacin sabuwar jiha ta sa kowane akawu yana jin kansa gwamna ne mai jiran gado. Ya kama gaban rigarsa ya ce, "Haba Yaya, ga shi a jikina! Wannan riga da wandon masu manyan aljihu su ne safari. Motar tela ce ka saya."

Baba ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "To giwar fa, ita ma ɗinki ta kawo?"

Gaskiya ni ma ban san amsar ba sosai. Da na koma makaranta na duba ƙamus, na kuma tambayi malaminmu na Turanci, sannan da na dawo na zaunar da Baba a zaure na yi masa bayani. Na ce kalmar tafiya take nufi. Ba ta Turawa ba ce tun asali, a bakin mutanen gabashin Afirka masu yaren Sawahili suka tsince ta, su kuma daga Larabci suka samo ta. Ban ƙarasa ba ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Safar? Safar ɗin da muke karantawa a babin sallar ƙasaru?"

Na ce ita ce.

"Musafiri?"

Na ce gidansu ɗaya.

"To ai safara ke nan! Safarar da kakanku ya yi da jakuna!" Ya tafa hannu, ya yi dariya har hularsa ta faɗi. "Ashe tamu ce. Fita ta yi yawon duniya, ta dawo da wando da manyan aljihu, shi ya sa ban gane ta ba."

Ya so ya haɗa har da sufuri a cikin dangin, na ce wannan kam ban tabbatar ba, ya ce ni ban tabbatar ba, shi ya tabbatar. Sai na ci gaba. Na ce da farko Turawa suna kiran doguwar tafiyar farauta da wannan suna, su a gaba da bindiga, 'yan dako a baya da kaya a ka, kuma kayan da suke sawa a irin tafiyar su ne Baffa ya gada. Nan fuskar Baba ta canza. Mahaifinsa ya taɓa yi wa wani Bature dako a rangadi, ya dawo da tsakiyar kai a saɓule. Ya ce, "Ashe tsohona ma ya yi safari. Sai dai shi a ƙarƙashin akwati ya yi nasa."

Na ce amma yanzu an daina farautar. Yanzu in Bature ya ce safari, yana nufin mutum ya shiga mota ya tafi daji don ya kalli namun dawa, ya dawo gida.

"Ya sayo me?"

"Ba ya sayen komai."

"Wa zai gaisar a can?"

"Babu kowa, Baba. Kallo kawai."

"Ba rasuwa, ba suna, ba asibiti, ba kasuwa?"

Na ce babu.

Ya ce, "Kai! Allah ya raba mu da rashin aikin yi." Ya tashi ya tafi masallaci, na ɗauka an gama.

Ashe Inna tana bayan ƙyaure tana tsince shinkafa, ta ji komai. Da yamma muna tsakar gida sai ta tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa, wai da gaske akwai masu shiga mota don kallo kawai? Na ce da gaske. Ta ce, "Ikon Allah. Ni duk shigata mota, ko dai wani ya mutu, ko wani na shirin mutuwa, ko ina naƙuda." Ta faɗe shi ne ba da ƙorafi ba, Inna ba ta iya ƙorafi ba. Amma Baba yana alwala a gefen rijiya, na ga ya tsaya da buta a hannu.

Aka kwana biyu. Rannan ana cin tuwo ya yi gyaran murya, ya ce direbobin Bauchi sun ba shi labarin dajin Yankari, akwai giwaye, akwai ɓauna, akwai wani ruwa mai ɗumi da yake fitowa daga ƙarƙashin dutse. Ya dubi Inna, abin da ba ya yi a gabanmu, ya ce, "Innarsu, zan kai ki ki ga giwa. Kuma a gidan gaba za ki zauna."

Inna ta rufe fuska da gefen zani ta ce, "Kai, Malam!" Shekara da shekaru tana auren direba, ba ta taɓa zama a gaban mota ba, kullum can baya cikin mata da kwanduna.

Daga ranar ya raba kujeru. Inna a gaba gefen taga. Yaya da matarsa, ni, ƙannena, Auta, jikoki, kowa da wajensa, Baffa kuma can kujerar ƙarshe, wai don manyan aljihunsa su samu wajen miƙewa. Ya lissafa mu ya ga mun cika motar daidai, ya ce wannan ba banza ba. Ba za a ɗauki bare ba, don safari ba haya ba ce. Kuma ba za a tashi ba sai kowa ya zauna a kujerarsa.

A nan matsalar take, kuma wallahi tun a ranar na hango ta. Gidan da 'ya'ya suka fara watsewa, yaushe za a tara su rana ɗaya babu dalilin biki ko mutuwa? An sa bayan ƙaramar salla, ni na haihu. An sa bayan girbi, aka tura ƙanena aiki Dutse, ba a ba shi hutu ba. Wata shekarar ƙyanda ta kama yaran Yaya. Wata shekarar injin motar ya buga. Da Auta ta yi aure, sai ya zama kujerarta tana hannun mijinta. In jika ya ƙaru Baba ya ce a ɗora shi a cinya, amma in mutum ɗaya ya ragu, tafiya ta fasu. Mutanen tasha suka laƙaba masa mai Safari, suna tsokanarsa, "Malam, giwar nan fa tana tsufa!" Sai ya ce, "Tana nan, ai ba ta da lodi."

Sau ɗaya muka kusa. Wannan ranar ba na son tuna ta, amma in na tsallake ta ban faɗi Baba ba.

Allah ya haɗa mu duka, har Auta ta zo daga Kano. Tun jajibiri Inna ta soya kaji, ta yi dambun nama, ta dama fura ta cika jarka. Ta ciro wani mayafi ruwan toka da ta daɗe tana ajiya a ƙasan akwati. Da hantsi kowa ya shiga. Baba da kansa ya buɗe mata ƙofar gaba, ta hau tana kame-kame, ta zauna ta ɗora hannuwa a gwiwa kamar baƙuwa. Maƙwabta sun fito suna kallo. Ya tayar da mota tana ɗumi. Saura Baffa. Muna nan sai ga saƙo daga sakatariya, wai manya za su zo daga Dutse ba zato, an hana kowane ma'aikaci motsi. Baffa ya ce a ba Baba haƙuri, a tafi ba shi.

Baba ya juya ya dubi kujerar ƙarshe. Ya miƙa hannu ya kashe mota.

Ni fa a nan na haukace. Na diro na zagayo ta tagarsa, na ce, "Baba, don girman Allah! Mutum ɗaya! Shi da kansa ya ce a tafi!"

Ya ce, "Ba na tashi da gurbi."

Na ce, "Wannan ba tasha ba ce! Babu wanda yake hanya, mun san inda yake, yana ofis yana goge tebur! A ɗauki maƙwabci mana, ga su nan tsaye!"

"Kujerar ƙanena ce."

"To Inna fa? Ita ba mutum ba ce? Dubi yadda ta yi kwalliya!"

Ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, "Ke kika karanto mini kalmar, amma ni zan tuƙa motar. In muka ga giwa ba shi, duk ranar da aka yi hirar giwa a gidan nan shi zai zama bare. Dajin ba gudu zai yi ba."

Na faɗi maganganu, ya faɗi nasa, Yaya yana ta ba da baki. Ban ankara ba sai na ji an buɗe ƙofar ɗaya gefen. Inna ce ta sauko a hankali. Ta cire mayafin, ta ninke shi a nan bakin titi, ta ce da matar Yaya, "A shigo da kajin, kar su lalace." A tsakar gida muka ci guzurin safari, babu mai kallon wani. Na koma Birnin Kudu, inda nake koyarwa, na daɗe ban taka Gwaram ba. Da na zo kuma, ya tare ni da fara'a kamar ba a yi komai ba, har da tsarabar rake ya ajiye mini. Haka yake, ba ya riƙo, kuma ba ya sauya magana.

Dajin bai gudu ba, idon Baba ne ya gudu. Ciwon suga ya daɗe yana cinsa bai faɗa ba. Ya fara da cewa gilashin mota ne ya yi hazo, a goge. Ranar da ya kusa hawa kan garken tumaki a kusa da gari, shi da kansa ya sauko ya miƙa wa Yaya makulli, ya ce, "Na gama." Daga nan sai zaman zaure. In ya ji ƙarar mota ta wuce, yakan faɗi ta wane ce da abin da yake damun injinta. Maganar safari bai bar ta ba. Ya ce yanzu Yaya zai tuƙa, shi zai zauna a tsakiya, Inna ta riƙa gaya masa abin da take gani. Sai dai jikin ya riga ya ƙi. Daga ƙafa ta kumbura, sai ƙoda. Mun kai shi asibiti, mun dawo da shi, mun sake kai shi. Na sayi duk maganin da aka rubuta, na yi addu'ar da na iya, ina kallo yana ƙarewa a gabana, babu abin da na iya tsayarwa.

Kwanciyarsa ta ƙarshe a babban asibitin Birnin Kudu, ƙarshen damina ne. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, ba ni da abin cewa a kansu. Wata safiya babbansu ya kira ni da Yaya gefe, ya ce abin da ya rage na Allah ne, in muna so ya ƙarasa a ɗakinsa mu tafi da shi yau. Lokacin wayar hannu ta shigo, kafin azahar kowa ya ji. Ƙanena ya taso daga Dutse, Auta ta taso daga Kano da goyonta, matar Yaya ta kwaso yara, Baffa ya bar ofis ko izini bai nema ba. Abin da muka kasa yi shekara da shekaru, kiran waya ɗaya ya yi shi.

Mun so mu shimfiɗa masa katifa a baya, ya ƙi. Ya ce a gaba zai zauna. Aka ɗauke shi aka sa a tsakiya, Yaya a sitiyari, Inna a gefen taga ta tallafe shi da kafaɗarta. Mu kuma muka shiga. Babu wanda ya shirya, amma da na duba sai na ga kowa ya zauna a kujerar da Baba ya ba shi tun da can. A gilashin baya hoton nan yana nan, rana ta cinye raƙumin dawan, saura giwar da rubutun.

Yaya ya kai hannu ga makulli, Baba ya dafa hannunsa.

"Ta cika?"

Yaya ya ce, "Ta cika, Baba."

Bai yarda ba. Ya fara kiranmu ɗaya bayan ɗaya, muryarsa da ƙyar take fita, kowa yana amsawa. Ya kira ni na amsa. Ya kira Auta. Daga ƙarshe ya ce, "Mai manyan aljihu fa?"

Daga can baya Baffa ya ce, "Ina nan, Yaya." Sai ya kifa kai a jikin kujera.

Baba ya ce, "Alhamdu lillahi. To ja mu je."

Muka fita daga gari.  Da muka doshi kwanar da hanyar Bauchi take rabuwa da ta Gwaram, Yaya ya rage gudu, ya ɗago ido ya dube ni ta madubi. Na san abin da yake tambaya. Ni ce mai bakin, ni ce na yi ihu a wancan karon cewa a tafi. Ga mota ta cika, ga mai a tanki, ga hanya a buɗe, ga Inna a gidan gaba. Ga kuma mutumin da likita ya ce ba lallai ya kai magariba ba.  Na sunkuyar da kai. Yaya ya miƙe hanyar Gwaram.

Na yi fatan Baba bai gane ba. Amma ba a yi nisa ba tayar gaba ta faɗa wani rami, ta baya ta bi, sai na ji ya ce, "Wannan hanyar gida ce."

 Auta ta toshe baki da mayafi.

Inna ce ta yi magana. Ta ce, "Hanyar gida ce, Malam. Amma ni ban taɓa ganinta ta gilashin gaba ba."

 Can ya ce, "To me kike gani?"

Ta gyara zama, ta dubi gaba. Ta ce, "Ga dawa ta fitar da kai, ta yi kyau bana. Ga wani dutse babba, da ƙarami a kansa kamar an ɗora. Ga shanun Fulani suna tsallaka titi, farare, akwai wani bijimi mai ƙaho har haka. Ga balbela a bayansu."

"Da yawa?"

"Da yawa, Malam. Ga wasu mata suna wanki a rafi. Kai, ga biri! Ga biri a kan dutse, da ɗansa!"

Na ji ya yi wata 'yar dariya a maƙogwaro. Ya ce, "Giwa fa?"

Inna ta ce, "Ba mu kai wajenta ba tukuna."

Ya ce da Yaya, "Rage gudu, kar mu wuce ta."

Yaya ya rage. Hawaye yana zuba a kan sitiyari, yana tuƙi kamar mai bin jana'iza, manyan motoci suna ta danna mana oda suna wucewa. Inna ta ci gaba. Ta faɗi kuka, ta faɗi rimi, ta faɗi jaki da kayan kara, ta faɗi shamuwa a kan bishiya. Da numfashinsa ya fara sarƙewa, Baffa ya ɗaga murya daga baya yana kalimar shahada, muka kama, na ga leɓen Baba yana motsi tare da mu. Daga inda nake zaune ina ganin hannunsa a kan gwiwar Inna. Ina kallo yatsun suka saki, kansa ya kwanta a kafaɗarta.

Yaya ya gani. Ni ma na gani. Inna kuwa, da take ɗauke da nauyinsa, ta riga mu sani. Amma ba ta daina ba. Ta sa hannu ta shafe masa ido ba tare da ta juyo ba, ta ce, "Ga gonar gyaɗa, Malam. Ga wasu tumaki. Ga masallacin bakin hanya, an yi masa sabon fenti." Haka ta yi ta faɗa har muka shiga Gwaram, kuma duk cikarmu a motar nan babu wanda ya iya ce mata ta bari.

Allah ya yafe wa Baba kurakuransa, ya haskaka masa inda ya kwanta, ya sa jiran da ya yi ta yi wa bayinsa a tasha ya zame masa abin da zai tarar. Mu kuma da ya bari, Allah ya ba mu haƙurin da har yau ni ban same shi ba.

A ƙofar gida Yaya ya kashe mota. Maza suka matso za su ɗauke shi, Inna ta ɗaga musu hannu su dakata. Ta gyara masa hula, ta ɗan jima tana kallon gilashin gaba, inda babu komai sai katangar gidanmu. Sannan ta sunkuya daidai kunnensa.

Ta ce, "Mun iso, Malam. Sauka lafiya."